Mai Juya Allunan Rana a Birnin Tsololo

Da sunan Allah nake buɗe baki, wanda Ya rataye rana babu igiya, Yake tafiyar da ita daga gabas zuwa yamma babu mai turawa. Bayan haka, ku matso, ku gyara zama. Ni ne Nomau ɗan Cindo, maƙerin sikeli daga ƙasar Kano, kuma duk inda zan ambata na taka shi da ƙafata. Wanda ya ce ƙarya nake yi, hanya tana nan, ya je ya dubo. Tafiyar wata bakwai ce kawai.

Sana'ar sikeli gadonta na yi, kuma ina ƙera shi yadda mai saye yake so. Akwai mai son na gaskiya. Akwai kuma mai son wanda yake ɗan rusunawa wajen ubangidansa, irin na bara mai ladabi, kuma waɗannan sun fi yawa. Ana nan sai matan da suke kai gyaɗa awo suka gano wanda yake koya wa ƙarfe ladabi. Na bar gari ranar Laraba da hantsi, a kan jaki, da takalmi ƙafa ɗaya.

A wani zango na haɗu da wani falke mai safarar gishiri. Shi ya ba ni labarin cewa can yamma, inda itace ya ƙare a duniya, akwai birni a kan dutse, sunansa Tsololo, inda ake tuƙa tuwo babu wuta babu hayaƙi, rana ce take dafawa. Na tambaye shi ko ya taɓa shiga. Ya ce shi dai daga nesa yake sauke kayansa. Ban tambayi dalili ba, domin zuciyata ta riga ta koma Kano, tana kallona cikin babbar riga, masu tuwo-tuwo sun yi layi a ƙofata suna roƙon in sayar musu da asirin. Washegari na juya kan jakina yamma.

A wata na shida na faɗa Kwarin Kututture. Tafiyar kwana ashirin, ba ka ganin komai sai gindin itatuwan da aka sare. A tsakiyar kwarin aduwa guda ta rage, kuma mutanen wurin sun naɗa mata sarautar Galadima, da dogarai bakwai masu gadinta. Ni ban sani ba, na ɗaure jakina a jikinta, ya kuwa miƙa wuya ya tsinki ganye uku. Nan take aka yanke hukuncin a binne mu a gindinta, ni da shi, mu zama taki. Na ce, “Allah Ya ba ku nasara, ni dai a binne ni, amma ganyen Galadima yana cikin jakin nan yanzu. Wanda ya taɓa shi jikin Galadima ya taɓa.” Suka shiga shawara. Kafin la'asar sun naɗa wa jakin rawani, kuma cikin hidimar naɗin babu wanda ya tuna da ni. Na ci gaba a ƙasa.

Bayan kwarin sai filin gishiri, fari fat, shimfiɗe har ƙarshen gani. Zafinsa ya kai kajin masu zango dafaffen ƙwai suke sakawa, sai dai ka ɓare ka barbaɗa ƙasar wurin. A hanyar na riƙa cin karo da ƙasusuwan mutane, duka kawunansu suna fuskantar gabas, kowane da tsumma ɗaure a idanu. Na ce a raina kowace ƙasa da irin adonta. Haka na wuce su, ni mai wayo.

Tsololo dutse ne guda, tsaye a tsakiyar gishirin, birnin yana manne a jikinsa. Tun daga ƙofa na ga abin da na zo nema. Kwano ne na ƙarfe, faɗinsa ya kai rufin bukka idan aka juya bakinsa sama, an lilliƙa masa gutsattsarin madubi a ciki. Duk hasken da ya faɗa cikinsa yakan taru wuri guda a tsakiya, inda aka rataye baƙar tukunya. Na miƙa bakin sandata wurin, kafin in ja numfashi ta kama hayaƙi. Irin wannan kwano sun fi ɗari uku, unguwa-unguwa, kowane a kan ƙafar ƙarfe mai juyawa, kowane da mutum tsaye riƙe da mariƙinsa.

Wani mutum mai ƙiba, mai sanyin murya, sanye da malafa mai faɗin faifai biyu, ya tarye ni da fara'a. Shi ne Sarkin Kuge, shugaban masu juya kwanukan. Ya ce, “Maraba da baƙo, maraba! Daga ina? Kai, a kawo masa abinci, ba a tambayar mutum da yunwa.” Aka dire mini tuwo da miyar nama, har da ƙashi mai ɓargo. Na cinye, na suɗe kwano, aka ƙaro. Da na wanke hannu sai ya dafa kafaɗata ya ce, “Madalla. Ka ci girkin rana, ka zama nata. Gobe za ka fara gaishe ta.”

Ga yadda al'adarsu take. Rana tafiya take yi, don haka dole kwano ya bi ta, in ba haka ba hasken ya zame daga tukunya, tuwo ya tsaya. A gefen kowane kwano an dasa zobba biyu na tagulla, ɗaya gaban ɗaya. Sau arba'in a yini ana buga kuge daga hasumiya, kuma duk bugu mai juyi zai sa ido a zoben ƙasa, ya tura mariƙi har rana ta zauna daram a cikin zoben sama. A wurinsu rana babbar baƙuwa ce, ba a karɓar kyautarta ana kallon ƙasa, sai wani ya dube ta ido da ido a madadin gari. Su 'yan gari sun ce girmanta ya yi musu yawa, shi ya sa suka bar wa baƙi wannan alfarma. Mai ƙarfin ido yakan kai wata goma. Bayan nan sai a mai da shi mai goge madubi, da rabin abinci. Wanda ya gudu kuwa, raƙuma sukan cim masa cikin gishiri, ko ƙishirwa ta riga su.

Ranar farko, bugu na uku, na ɗago kai ina ganin baƙin tabo yana yawo a kan komai. Na saki wata ashar da ba zan maimaita a gabanku ba. Sai na ji dariya daga ƙarƙashin kwano.

“Wannan ashar ta Kano ce. Allah Sarki, har nan bayinmu suka iso?”

Wata tsohuwa ce ƙanƙanuwa, riƙe da tsumman gogewa, idanunta farare kamar an ɗiga nono. Na ce, “Gwaggo, Bazazzagiya ce ke nan?”

“Uwar gijiyarka ce. Durƙusa ka gaishe ni. Tasalla sunana. Me ya kawo ka, Bakano?”

“Asirin kwanon nan na zo sata.”

“To ga shi ka samu, har da mariƙi. Ni ma mijina haka ya ce, shekara goma sha tara ke nan. Tuwo da ƙashi mai ɓargo suka ba ka?”

“Shi.”

“Ba su canza ba. Mu ma shi.”

Kwana uku na yi ina gaida rana tsakani da Allah, a na huɗu na tabbata ba zan kai wata goma ba. Sai na zare ƙusa daga ƙafar kwanon, na kafa ta tsaye a kan ɓallin ƙwarya, na liƙa shi a gefen zoben ƙasa. Idan kwano ya kauce, ƙusa takan yi inuwa. Idan ya fuskanci rana sosai, inuwar takan shige ƙarƙashin kan ƙusar ta ɓace. Da an buga kuge sai in kai fuska wajen zobe, in rufe ido, in saci kallon ƙusata ta ƙasa. Shekara ɗari nawa mutanen nan suka yi suna ƙona idanun bayin Allah, alhali ƙusa guda ta isa, amma duban inuwa lokacin girki a wurinsu daidai yake da tofa wa baƙo yawu.

Duk kwana bakwai Sarkin Kuge yakan duba idanunmu, ya ga sun yi ja suna hawaye. Gwaggo Tasalla ta samo mini garin barkono. Ta ce, “Kaɗan za ka sa, ba miyar gidanku ba ce.” Na sa, na yi kuka har ya yaba mini.

Ƙwarewata ce ta kashe ni. Sauran masu juyi gani suke yi dishi-dishi, kwanukansu kullum a karkace. Nawa kuwa ba ya kuskure, tukunyata tana tafasa kafin ta kowa. Matan unguwa suka fara faɗa a kan kwanona, wata har ta fasa wa wata tulu a ka. Gwaggo ta ce, “Ka riƙa ɓata hannu, ɗan nan, ka bari ya ɗan karkace.” Ni kuwa daɗin yabo ya hana. A mako na biyar Sarkin Kuge ya zo da kansa ya ga wannan gwani. Ya zagaya kwanon sau biyu, ya tsuguna, ya ɓalle ƙwaryar, ya jujjuya ta a hannu.

Ya ce, “Ɗana, ba fushi nake yi ba. Kwana talatin rana tana ba ka kyautarta, kai kana kallon ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Sai ka yi mata doguwar gaisuwa.”

Ƙarti huɗu suka danne ni a tsakiyar fili da tsakar rana. Suka ɗaure idon dama da tsumma, domin ya ce gari yana da sauran bukatarsa. Na hagu suka buɗe da wani ɗan matsi na tagulla, suka riƙe kaina sama, daga bugun kuge zuwa bugu na gaba. Na kira sunan uwata, wadda ta rasu tun ina goye. Da suka sake ni, idon yana nan a wurinsa, yana motsi, yana hawaye, amma tun daga ranar bai sake nuna mini komai ba sai wani jan duhu.

Bayan kwana shida aka ce in hau rijiya, domin mai juyin can ya makance. Gwaggo ma aka haɗa ta da ni, saboda barkonon. Rijiyar Tsololo ita kaɗai ce a ƙasar, zurfinta gaba ɗari biyu, kuma inji ne yake jawo ruwanta. Abincin injin wasu baƙaƙen alluna ne guda goma sha biyu, irin waɗanda yanzu kuke kira sola, da mutanen farko suka bari. Suna can ƙololuwar dutse, jere a kan shimfiɗar ƙarfe guda, ita kuma tana ɗore a kan doguwar sandar ƙarfe da take kwance daga kudu zuwa arewa, yadda za ta iya kwantawa gabas da safe, ta miƙe da tsakar rana, ta kwanta yamma da maraice. Idan alluna suna fuskantar rana, ruwa yakan zubo a kwamin gari da kaurin cinya. Idan suka kauce sai ya koma kamar fitsarin akuya, kowa ya sani. Babu ɗan garin da yake hawa can, wurin na rana ne. Abinci a kwando muke jawo shi da igiya. Mai tsaron hasumiya yana hango mu daga nesa, kamar ƙudaje biyu a kan faifai.

Kafin mu hau tsani Sarkin Kuge ya kama haɓata, ya leƙa idon dama. Ya ce, “Barkono yana sa ja, amma ba ya sa tabo. Rana takan bar ɗan farin tabo a idon da ya gaishe ta da gaske. Duk kwana bakwai za ka sauko in duba. In wata ya zagayo ban ga tabo ba, wannan ma zai yi doguwar gaisuwa.”

Ku duba halin da nake ciki. In na kalli rana, ido ya tafi a hankali. In na ƙi, ya tafi a yini guda. Kwana talatin gare ni.

Ina hawa na sake kafa ƙusata, tunda babu mai gani, na zauna ina kallon shimfiɗar nan tana lilo a kan sandarta. A kwana na biyu na ce, “Gwaggo, wannan ai sikeli ne.”

“Kai komai sikeli ne a wurinka.”

“Na rantse. Gabas tafi ɗaya, yamma tafi ɗaya. In na rataye dutse a yamma, na rataye abin da ya fi shi nauyi a gabas, abin yana raguwa kaɗan-kaɗan, da kanta za ta bi rana. Sai in kai wa Sarkin Kuge, in ce ga shi, ku huta da makantar da mutane.”

Ta daina gogewa. Ta ce, “Zauna in gaya maka. Shekarata ta huɗu a nan, an yi wani Babarbare, Kyari. Ya yi wa kwanonsa irin wannan, da gora mai ɗigar ruwa. Ya yi aiki, na ji tukunyar tana tafasa babu kowa a mariƙi. Ya kira 'yan gari da murna. Suka ce in ƙarfe ya juya kansa, wa zai gaida rana? Suka sauke tukunyar, suka rataye shi a wurinta. Ba na gani a lokacin, amma hancina lafiya yake.”

Na sake duban shimfiɗar. Sannan na ce, “To ba za mu nuna musu ba. Za mu bar shi yana juyawa, su ga ruwa yana zuba, mu kuwa muna cikin gishiri.”

“Yi mu gani, Bakano. Ku dai ba a raba ku da dabarar cuta.”

Ruwa ba zai yiwu ba, domin ɗigarsa takan yi sauri in gora ta cika, ta yi sanyi in ta kusa ƙarewa. Yashi kuwa zubarsa ɗaya ce daga fari har ƙarshe, kuma iska ta tara mana shi tuli a gindin katanga. Muka ɗauki tsohuwar salkar da aka ba mu don wanke alluna, muka cika ta da yashi, na huda gindinta, na rataye ta a gefen gabas. A yamma na ɗaure dutsen da na ɓamɓaro daga katanga.

Gwajin farko ya kusa kashe mu. Shimfiɗar ta tsaya cik tana kallon gabas har hantsi, sannan da nauyin ya rinjaya ta kife yamma gaba ɗaya, garam, har dutsen ya amsa. Ruwa ya tsaya a gari. Mai hasumiya ya yi ta kwarara ihu, na ruga na ɗago ta, na ɗaga masa hannu alamar tuntuɓe na yi. Gwaggo tana riƙe da ciki don dariya. “Sikelin Kano ke nan! Bai san tsakiya ba!”

Maganarta ce ta tuna mini abin da ubana ya koya mini kafin in lalace. Sikelin gaskiya nauyinsa a ƙarƙashin marataya yake, shi ya sa yake sunkuyawa a hankali, gwargwadon abin da aka ɗora. Na samo dutse mafi girma, na ɗaure shi a ƙasan sandar, daidai tsakiya, yana reto kamar ƙararrawar wuyan saniya. Daga nan shimfiɗar ta daina kifewa, ta koma bin yashi taku-taku.

Sai kuma ramin ya riƙa toshewa da tsakuwa. Gwaggo ta cire kallabinta, muka tankaɗe yashin da shi har sau uku. Bakin ramin yana buɗewa da zafi, na soka masa bututun gashin ungulu. Sauran aikin nata ne. Takan zauna ƙarƙashin salkar, yashi yana zuba a tafin hannunta, tana ƙirga bugun kuge. “Ya yi sauri, zai ƙare a bugu na talatin da biyar. Nemo gashin da ya fi wannan siriri.” Gashi bakwai muka gwada. A kwana na ashirin da biyu na naɗe hannuwana tun fitowar rana har faɗuwarta, inuwar ƙusa ba ta fita daga faɗin ƙwayar gero ba, ruwa yana ta zuba a gari. Yashin ƙarshe ya faɗo tare da bugu na arba'in.

Saura mai hasumiya. Na cire rigata da wandona da hulata, na cusa musu tsummokaran gogewa da yashi, na ɗaure abin a jikin mariƙi, fuskarsa a kan zobe. Shimfiɗa tana tafiya, shi ma yana bin ta. Gwaggo ta shafa shi daga sama har ƙasa. Ta ce, “Ya fi ka natsuwa. Da shi aka turo mini tun farko.” Ta ba ni tsohon zanenta na ɗaura.

Ranar da na sauka dubawa ta ƙarshe, sanye da kayana da na aro a wurin ɗan tsumman, Sarkin Kuge ya leƙa idon ya ce, “Har yanzu tas yake. Saura kwana biyu wata ya cika, amma na ƙara maka zuwa dubawa ta gaba. Ka ga ni mai tausayi ne.” Na yi godiya har ƙasa. Na hau, na mayar masa da kayan, muka cika gora biyu daga bututun injin, na tattara busasshen tuwon da muka ɓoye. Da asuba na ɗaure igiyar kwando a katangar gabas, inda dutsen ya miƙe zuwa gishiri. Na tsuguna na ce, “Hau, Gwaggo. Goya ki zan yi.”

Ba ta motsa ba. Ta ce, “In ka goya ni, wa zai kwashe yashin ya mayar cikin salka? Ɗan tsummanka?”

Na dubi salkar. Kwana ashirin da takwas ina ta dabara, wannan kaɗai na ƙi bari zuciyata ta duba.

“Yini ɗaya abin nan zai yi maka ƙarya, ɗan nan. Gobe da safe alluna suna kallon yamma, ruwa ya tsaya, kafin azahar raƙuma suna kan sawunka. Gishirin nan tafiyar kwana tara ne, raƙumansu ba sa wuce kwana biyar daga rijiya. Sai wani ya tsaya ya riƙa mai da shi gabas.”

“Shimfiɗar tana da nauyi, Gwaggo.”

“In na zuba yashin da kanta za ta koma, ai kai ka ce sikeli ne. Ɗaga yashin ne aiki, kuma ƙoƙo gare ni. A hankali zan yi.”

“In suka gane fa?”

“Me za su ɗauke mini? Ido?” Ta yi dariya. Ni da ita mun san akwai wurin rataye tukunya, babu wanda ya ambata. “Kuma abincin mutum biyu zan riƙa ci. Shekara goma sha tara ban ƙoshi ba.”

“Ba ki da saƙo zuwa gida?”

“Waɗanda suka san ni sun mutu, ko sun manta. Tafi, ka cika ni da surutu. Kuma ka rufe idon nan da gefen zane, gishiri ma yana ƙona shi. Kada ka ɓarnatar mini da shi.”

Na kama hannunta, ta fizge, ta dungure mini kai. Na bi igiya na sauka.

Gabas na nufa, ina tafiya da sanyin safiya da na maraice, da rana in haƙa rami in lulluɓa. Safiya ta biyu, da rana ta ɓullo a gabana, na waiwaya. Can a saman Tsololo wani haske ya ƙyalla, kamar an kunna ashana a bakin sama. Allunan ne, suna kallon gabas. Ta kwashe yashin. Na ce, “Sannu, Gwaggo,” da ƙarfi, ni kaɗai a fili.

Safiya ta uku ya ƙyalla. Ta huɗu ma ya ƙyalla, amma sai da rana ta ɗaga kamu biyu, na gane ƙoƙon ya fara yi mata nauyi. A ta biyar dutsen ya koma kamar kan yatsa, gorata ɗaya ta ƙare, leɓɓana sun tsattsage. Hasken ya makara har na fid da rai, sannan ya zo, ƙanƙane.

Safiya ta shida na hau wani tudun gishiri na juya. Rana ta fito. Na jira ta ɗaga kamu ɗaya, ta ɗaga biyu. Na goge idon, na sake dubawa. Tsololo yana nan, baƙi, babu komai a kansa. Na ce wataƙila hadari ne ya tare, a ƙasar da ba a taɓa ganin hadari ba. Na tsaya har hantsi ya yi zafi, har gishiri ya fara cizon idon, sai na ja gefen zanen na rufe shi, na gangara.

Babu raƙumin da ya cim mini. A kwana na tara, ina rarrafe, na faɗa hannun wani ayarin fatake a bakin Kwarin Kututture. Madugunsu ya ɗura mini ruwa, ya wanke mini fuska, ya ɗaga yatsu a gabana ya ce nawa ne. Na ce uku. Ya ja da baya taku goma ya sake ɗagawa, na ce biyu, kuma akwai ƙuda a kan rawaninka. Ya riƙe baki.

Ya ce, “Daga Tsololo, da ido mai gani? Shekara talatin ina bin hanyar nan, ƙashi kawai nake tararwa. Kai kaɗai ka fito?”

“Ni kaɗai.”

“Da wace dabara, malam?”

Na ce masa yashi da dutse da gashin ungulu. Na zana masa a ƙasa yadda aka rataye kowane. Ya kira mutanensa suka kewaye ni, ya yi ta jinjina hikimata har muka kai zango, ni kuwa na ƙyale shi.

Nan hikayar ta tsaya. Wanda ya saurara har ƙarshe, ya karanta fatiha guda ga Tasalla Bazazzagiya, domin madugun nan har muka rabu ban faɗa masa sunanta ba.